Asfirin da ibufurofen: me suke yi wa ƙwayoyin da ke tsayar da jini?

Ɗanfamasi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta zama ruwan dare a kemis-kemis, har da wasu ɗakunan jinya: wai asfirin yana tsinka jini, ibufurofen ma yana tsinka jini, saboda haka duk kanwar ja ce. Wannan fahimta tana jawo ɓarna. Dattijo ne yake shan Vasoprin, wato asfirin miligiram 75, kullum saboda zuciya, gwiwa ta dame shi, sai a miƙa masa ibufurofen 400 a ce sau uku a rana, ba wanda ya tambaye shi me yake sha da safe. Ina roƙon likitocin jini da na zuciya da mutanen ɗakin gwaji su warware mana abin daga tushe, don mu san abin da za mu gaya wa mai saye.

Likitan Jini: Wa alaikumus salam. Malam, kalmar "tsinka jini" ce ta fara rikita lissafin. Babu ɗaya daga cikinsu da ke rage kaurin jini ko narkar da gudan da ya riga ya daskare. Aikinsu yana kan filatilet, wato ƙananan ƙwayoyin da ke rugawa bakin rauni su manne da juna su toshe shi kafin sauran sinadaran daskarewa su zo su ɗaure toshiyar.

A ɓargo ake yin su. Mai lafiya yana da 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikurolita ta jini, kowace ƙwaya tana rayuwa kwana 7 zuwa 10, don haka kusan kashi 10 cikin 100 ake sabuntawa kullum. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, filatilet ɓalli ne da ya gutsuro daga wata babbar ƙwaya ta ɓargo, ba ta da cibiyar da ke ɗauke da umarnin gina sababbin sinadarai. Kayan aikin da ta fito da su daga ɓargo, da su za ta ƙare rayuwarta.

Cikin kayan aikin nan akwai inzayim, wato sinadarin da ke sarrafa wasu sinadarai, mai suna COX-1. Idan jijiya ta tsage, filatilet ta taɓa wurin, sai ta saki wani kitse daga fatarta, asid ɗin arakidonik. COX-1 ya karɓe shi, daga nan a sarrafa shi ya zama turomboksan A2. Wannan turomboksan shi ne mai shela: yana kiran sauran filatilet su taru, yana kuma sa jijiyar ta tsuke. Bai wuce kamar daƙiƙa 30 yana aiki ba ya lalace, shi ya sa aikinsa bai wuce bakin raunin ba.

To COX-1 yana da wani siririn zaure da kitsen zai bi kafin ya isa inda ake sarrafa shi. Asfirin yana shiga zauren ya liƙa wani ɓangare nasa, asetil, a jikin bango, a kan asid ɗin amino da ake kira serin 529, ya zauna daram. An yaɓe ƙofa ke nan, ba ta sake buɗewa. Ibufurofen kuwa tsayawa kawai yake yi a zauren ya tare hanya. Da zarar ya ragu a jini sai ya kauce, aiki ya ci gaba. John Vane ne ya nuna a 1971 cewa asfirin yana hana yin furostagilandin, wato sinadaran da jiki ke yi daga wannan kitse masu sa zafi da kumburi, abin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1982, sannan Roth da Majerus suka nuna maganar liƙa asetil ɗin a 1975.

Uwargida Nas: Dakta, a nan ne ɗalibai suke ruɗewa. Littafi ya ce rabin asfirin yana gushewa daga jini cikin minti 15 zuwa 20, na ibufurofen kuma kusan awa 2. Da hankali, ai wanda ya fi daɗewa a jini shi ya kamata ya fi daɗewa yana aiki.

Likitan Jini: Hajiya, daɗewar magani a jini daban, daɗewar ɓarnarsa daban. Asfirin yana wucewa da wuri, amma duk filatilet ɗin da ya taɓa ta nakasa har mutuwarta, sai dai a jira ɓargo ya turo sababbi. Kafin a sabunta su duka ana kai kwana 7 zuwa 10, kodayake ba sai an sabunta duka ba jini yake komawa tsayawa yadda ya kamata. Bayan kwana 3 zuwa 4 sababbin sun isa su riƙe aiki a yawancin mutane. Na ibufurofen kuwa, a mai lafiyar ƙoda da hanta, awa 24 bayan ƙwayar ƙarshe filatilet sun dawo daidai.

Wannan ne kuma sirrin ƙaramin awo. Miligiram 75 kullum ya isa, domin ɓarnar jiya tana nan, ta yau ta hau kanta. Da yawan aikin ma yana faruwa ne a jijiyar da ke kai jini daga hanji zuwa hanta, tun kafin hanta ta sarrafa maganin. Su kuma ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin jijiyoyi suna da cibiya, suna sake gina inzayim ɗinsu cikin sa'o'i, su ci gaba da yin furostasaikilin, wanda yake hana filatilet mannewa inda babu rauni. Ƙara awo zuwa 300 kullum ba ya ƙara kariya ga zuciya, ciki kawai yake ƙara ci.

Baban Lab: Bari in shigo ta ɓangaren gwaji, domin takardun da ake turo mana suna nuna akwai gyara. Ana rubuto a ƙirga ƙwayoyin jini, ko a yi gwaje-gwajen daskarewar jini na PT da INR da APTT, wai don a ga ko asfirin ya fita daga jiki kafin tiyata. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai nuna. Adadin filatilet yana nan yadda yake, 250,000 ko fiye, alhali kowace ƙwaya a kurmance take. PT da APTT kuma sinadaran daskarewa na ruwan jini suke aunawa, ba ruwansu da COX-1.

Gwajin da ke nunawa shi ne na haɗuwar filatilet, wanda Gustav Born ya fito da shi a 1962. A ɗebi jini a kwalba mai sinadarin hana daskarewa, sitiret kashi 3.2 cikin 100, a cika ta daidai layi, a juya a hankali a ware ruwan da ke ɗauke da filatilet, a ɗiga asid ɗin arakidonik a duba yadda haske ke ratsawa. Mai shan asfirin, layin da na'urar ke zanawa yana kwance, babu motsi, domin filatilet ba su haɗu ba. Kurakurai uku ke ɓata shi: a sa samfurin a firji, sanyi kuwa yana tayar da filatilet, a bar shi ya wuce awa 4, ko a ɗaure hannu da roba ya daɗe ana lalube jijiya. Akwai kuma na'urar PFA-100 mai auna aikin filatilet, amma ba kowane asibiti ke da ita ba, kuma idan jinin mutum ya yi ƙasa sosai ko filatilet sun gaza 100,000 sakamakonta ba abin dogaro ba ne. Tsohon gwajin nan na tsaga fata a ƙirga mintocin zubar jini ba ya iya hasashen wanda zai zubar da jini a tiyata. A gaskiya, tambayar majiyyaci me ya sha da yaushe ya sha ta fi waɗannan duka amfani a wurarenmu.

Ɗanfamasi: Madalla. Yanzu mu zo kan dattijon da na fara da shi. Tunda duka biyun zaure ɗaya suke bi, wanda ya riga shiga shi ke da wuri. Idan ibufurofen ya riga, yana tsaye a ƙofa, asfirin ya zo bai samu hanyar kaiwa ga serin 529 ba, cikin awa ɗaya ko biyu hanta ta gama da shi. Can da rana ibufurofen ya kauce, COX-1 ya farfaɗo lafiya lau. Mutum ya sha maganin zuciyarsa, amma kamar bai sha ba. Binciken Catella-Lawson da abokan aikinta a 2001 ne ya nuna wannan, kuma a 2006 hukumar FDA ta Amurka ta fitar da shawara: a sha ibufurofen 400 aƙalla minti 30 bayan asfirin mara rufi, wato wanda ke narkewa nan take a ciki, ko kuma a sami tazarar fiye da awa 8 tsakanin ibufurofen da asfirin da zai biyo baya.

Uwargida Nas: Wannan ƙa'ida tana aiki ne ga mai shan ƙwaya ɗaya jefi-jefi. Mai shan 400 sau uku a rana fa? Na dare da ya sha ƙarfe 10 bai gama fita ba ƙarfe 6 na safe. Sannan yawancin ƙananan asfirin da ke hannun mutane masu rufi ne, waɗanda ba sa narkewa sai sun kai hanji, suna ɗaukar awa 3 zuwa 4 kafin su shiga jini sosai. Minti 30 ɗin ba ta da ma'ana a kansu.

Ɗanfamasi: Gaskiyarki, Hajiya. A wancan binciken ma an gwada sau uku a rana tare da asfirin mai rufi, kuma kariyar ta rushe duk da an fara shan asfirin. Saboda haka mai shan asfirin don zuciya kada a ɗora shi kan ibufurofen na kullum, ko da wane tsari ne. Nafuroksen, ɗan uwan ibufurofen, shi ma yana yin irin wannan karo, ga shi rabinsa yana kai awa 12 zuwa 17 a jini. Farasitamol bai yi karo da asfirin ba, dikilofenak ma bai yi ba. Ni a ganina idan dole sai an ba da maganin kumburi, dikilofenak ya fi.

Likitan Zuciya: A nan kam ban yarda ba, Malam. Dikilofenak bai yi karo da asfirin ba saboda ya fi karkata ga wani inzayim ɗan uwan COX-1 mai suna COX-2, wannan kuwa shi ne aibinsa ga mai ciwon zuciya. Yana rage furostasaikilin na jikin jijiya, ya bar turomboksan yana aiki, sai ma'auni ya rinjaya wajen daskarewa. Irin wannan matsala ce ta sa aka janye maganin kumburi Vioxx daga kasuwa a 2004, kuma a 2013 hukumar magunguna ta Turai ta hana ba da dikilofenak ga mai ciwon jijiyoyin zuciya, ko kasawar zuciya, ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Wanda ake ba asfirin 75, galibi yana cikin waɗannan. An gudu daga tara an faɗa goma ke nan.

Ga mai ciwon gwiwa irin wannan: farasitamol giram 1 har sau uku ko huɗu a rana idan hanta lafiya take, maganin shafawa na dikilofenak ko ibufurofen a kan gwiwar tunda kaɗan ne ke shiga jini, rage ƙiba, motsa gaɓa. In ya faskara a turo shi asibiti.

Kada kuma wani ya ɗauka ibufurofen zai maye gurbin asfirin tunda shi ma yana taɓa filatilet. Kafin a sami kariya sai an danne turomboksan fiye da kashi 95 cikin 100, dare da rana. Ibufurofen yana hawa yana sauka tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Ya isa ya sa mutum zubar jini, bai isa ya kare shi daga bugun zuciya ba.

Ɗanfamasi: Na karɓi gyara, ranka ya daɗe. Na shafawar ya fi dacewa.

Likitan Zuciya: Abu biyu kuma, tunda muna kai. Wanda ake zaton bugun zuciya ne, a ba shi asfirin 300 ya tauna, mara rufi, don ya shiga da sauri. Amma wanda ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, kada a sa masa asfirin kafin a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Ghana ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shanyewar jiki a nan fashewar jijiya ce ba toshewa ba, galibi saboda hawan jini. Ba a iya bambance su da ido, asfirin kuma a kan fashewa ƙara wa wuta fetur ne. Na biyu, tsoho mai lafiya da bai taɓa samun ciwon zuciya ba, ba ya bukatar asfirin kullum don rigakafi. Binciken ASPREE na 2018, a kan tsofaffi kusan 19,000, ya sami ƙarin zubar jini ba tare da ƙarin shekarun lafiya ba.

Likitan Tiyata: Mu a wajenmu tsohuwar ƙa'ida ita ce a dakatar da asfirin kwana 7 kafin aiki, ibufurofen awa 24, nafuroksen kwana 2 zuwa 3. Firoksikam, wanda ake sayarwa da sunan Felvin da makamantansa, rabinsa yana kai kusan awa 50 a jini, shi sai an ba shi mako ko fiye. Aikin ƙwaƙwalwa, laka, cikin ido da na mafitsara ta hanyar fitsari, a nan ɗan jini kaɗan ma masifa ne, dole a dakatar.

Likitan Haƙori: Amma Dakta, wannan ƙa'ida ta kwana 7 ta bazu har inda ba a bukatarta. Cire haƙori ɗaya ko biyu ba ya bukatar a dakatar da asfirin 75. A yi aikin da safe, a cusa abin tsayar da jini a ramin, a ɗinke, majiyyaci ya ciji auduga minti 20 zuwa 30, kada ya kuskure baki ko ya tsotsi wurin a ranar, maganin zafi kuma farasitamol. Jinin dasashi ana ganinsa ana danne shi. Gudan jini a jijiyar zuciya kuwa ba a ganinsa sai ya gama aiki.

Likitan Tiyata: Ba mu saɓa ba. Wanda aka sa wa ƙarfen buɗe jijiyar zuciya, musamman a watannin farko, ba mai taɓa asfirin ɗinsa ko kilofidogirel, wani maganin hana filatilet mannewa, sai da izinin likitan zuciyarsa, ko da za a ɗage aikin ne. Allurar kashe zafi ta baya ma ana yinta ga mai shan asfirin shi kaɗai; inda ake tsayawa a yi lissafi shi ne idan an haɗa da hefarin, allurar hana jini daskarewa, ko kilofidogirel.

Ungozoma: A ɓangaren mata abin yana da fuska biyu. Mai ciki da ke cikin haɗarin hawan jini da jijjiga, wato wadda ta taɓa yi a cikin baya, ko mai hawan jini tun asali, ko ciwon suga, ko ƙoda, ana ba ta asfirin 75 zuwa 150 kullum daga mako na 12, kuma amfaninsa ya fi yawa idan an fara kafin mako na 16. Matsalarmu ita ce zuwa awo a makare, wata sai ciki ya kai wata shida. Amma wannan ba lasisin shan ibufurofen ba ne: daga mako na 20 yana iya taɓa ƙodar ɗan tayi ruwan mahaifa ya ragu, daga mako na 30 kuma yana iya rufe wata jijiya ta zuciyarsa da bai kamata ta rufe ba sai bayan haihuwa.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne haila. Ibufurofen da asid ɗin mefenamik suna rage yawan jinin al'ada, duk da abin da suke yi wa filatilet, saboda suna rage furostagilandin da ke buɗe jijiyoyin mahaifa. Asfirin ba ya yin haka. Sai dai yarinyar da tun hailarta ta farko take zubar da jini sosai, tana yawan haɓo, dasashi na jini, a binciki cutar von Willebrand, wato cutar zubar jini ta gado, kafin a ɗora ta kan waɗannan.

Likitan Karkara: Ni damuwata zazzaɓi da saran maciji. Mutum ya zo da zazzaɓi an riga an yi masa haɗi a kemis, ƙwayoyi biyar a leda ba suna, cikinsu har da dikilofenak da firoksikam, wani lokaci ya ƙara da garin Alabukun, wanda ƙunshi ɗaya yake ɗauke da asfirin miligiram 760, ninki goma na abin da mai ciwon zuciya ke sha. Idan maleriya ce mai tsanani, filatilet sun riga sun ragu. Idan dengi ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a guji asfirin da ibufurofen gaba ɗaya. Zazzaɓin Lassa kuwa shi kansa yana kashe aikin filatilet ko da adadinsu bai faɗi sosai ba. Zazzaɓin da ba a san kansa ba, farasitamol kaɗai. Yaro ƙasa da shekara 16 kuma ba a ba shi asfirin don zazzaɓi saboda cutar Reye mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa, musamman bayan ƙarambau ko mura.

Saran kububuwa, wadda ta addabi yankin Kaltungo da kewaye, dafinta yana cinye sinadaran daskarewa. Filatilet ne kaɗai suka rage suna ɗan riƙe jijiyoyi, sai kuma a yi wa mutum allurar dikilofenak a tsoka don zafi: an raunana abin da ya rage, ga ramin allura da zai tara jini. A zuba jini mililita 2 a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20 ba motsi, a karkata; in bai daskare ba, maganin dafi yake bukata. A lura gwajin nan ba ya nuna aikin asfirin, dafin yake nunawa.

Wanzamai ma ya kamata saƙon ya kai gare su. Kafin ƙaho, kaciya ko cire beli, a tambaya ko mutum ya sha irin waɗannan a makon, ko akwai mai zubar jini a dangin uwa.

Uwargida Nas: To idan jinin ya riga ya ɓalle fa? Wanda ya zo da baƙin bayan gida kamar kwalta, yana jiri.

Likitan Jini: Wannan ciki ne, kuma duka biyu aka yi masa: furostagilandin da ke kare bangon ciki da majina ya ragu, gyambo ya buɗe, filatilet ɗin da za su toshe shi kuma ba sa aiki. Rufin ƙwaya ba ya hana wannan, domin ta jini ɓarnar take zuwa. Haɗarin yana ninkuwa ga wanda ya haura 65, mai tsohuwar olsa, da mai haɗawa da wafarin, maganin hana jini daskarewa, ko firednisolon ko magungunan damuwa irin su fuluoksetin. Irin waɗannan idan asfirin ya zama dole a haɗa musu da maganin kare ciki, omefurazol 20 kullum.

In ya zo yana zubarwa: a tsayar da maganin, a sa manyan allurai biyu a jijiya, a duba rukunin jini a tanadi leda, a ba da omefurazol ta jijiya, a nemi a leƙa cikin da na'ura cikin awa 24. Asfirin ba shi da makari. Ƙarin filatilet ba abin gaggawar yi ba ne; a binciken PATCH na 2016, masu zubar jini a ƙwaƙwalwa da ke shan irin waɗannan magunguna, waɗanda aka ƙara wa filatilet sun fi shan wahala. Inda za a shiga tiyata ba shiri ana iya ba da desmofuresin, maganin da ke taimaka wa filatilet mannewa, maikurogiram 0.3 a kowane kilo. Wanda kuma yake shan asfirin saboda ya taɓa bugun zuciya, da zarar jinin ya tsaya a mayar da shi kansa cikin 'yan kwanaki tare da maganin kare ciki, kada a sallame shi a manta.

Baban Lab: Ƙarin bayani ga masu aiki a bankin jini: wanda ya sha asfirin zai iya ba da jini cikakke, amma ba a ware filatilet daga jininsa sai ya yi aƙalla kwana 2 bai sha ba, wasu wuraren har kwana 5 suke jira. A tambaye shi da sunayen da ya sani, garin ciwon kai, maganin gajiya, haɗin kemis, domin in an ce masa asfirin kawai zai ce bai sha ba.